Rakiya Daga Addis Zuwa Sao Paulo

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mace mai saurin baki irin maƙwabciyata Rachael ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a unguwar Lamorde da ke Mubi, kuma katangar ba ta wuce ƙirjina ba, saboda haka duk abin da ta faɗa a tsakar gidanta sai ya faɗo cikin kaskona. Ni ce Hajaratu, Maman Habib, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ita kuwa 'yar duwatsun Michika ce. Mijinta Zacharia tsohon direban bas ne a hanyar Mubi zuwa Gella, yanzu ya koma gona. 'Yarsu Eva likitar dabbobi ce. A kan idona yarinyar nan ta taɓa kama bijimi ta hanci a kasuwar shanu ta durƙusar da shi, masu shanun na tsaye suna salati. Amma ka ce mata ta tsallake mayo, wato rafi, da damina, yanzun nan za ka ga ido ya raina fata.

Eva ce ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar Brazil, kan kiwon shanu. Ranar da labarin ya zo, guɗar Rachael har kajina ta firgita. Aka tsara tafiya: mota daga Mubi zuwa Yola, jirgi zuwa Abuja, wani jirgin zuwa Addis Ababa, ta kwana a can, sannan na ƙarshe zuwa wani gari wai shi Sao Paulo. Rachael ta so ta yi rakiya har Yola, gwiwarta ta hana. A tashar Mubi ta tsaya, tana ɗaga hannu har motar ta ɓace, kuma abin ya tsaya mata a rai. Mu nan, gwargwadon nisan rakiyarka gwargwadon ƙaunarka.

Ranar tafiyar ƙarshe, na idar da sallar asuba ke nan ina hura wuta, sai na ji Rachael ta kan katanga.

“Maman Habib! Zo! Zo maza!”

Na shiga na tarar da su a ƙofar ɗaki, waya a hannun Zacharia, an buɗe muryar kowa na ji. Eva ce daga filin jirgin Addis, tana kuka wiwi.

“Ba zan shiga ba, Mama. Jirgin jiya ya girgiza mu kamar bas ɗin Baba a hanyar Gella. Wannan kuma an ce ruwa ne a ƙasa, teku zalla. Ni gida zan dawo.”

Dukanmu mun san makarantar ta ce a makon ake rufe karɓar ɗalibai. In ba ta shiga wannan jirgin ba, karatun ya sha ruwa. Zacharia ya fara yi mata bayanin ƙarfin inji, kamar wanda ke lallashin fasinja. Rachael ta fizge wayar.

“Eva, saurare ni. Tun kina goye kin taɓa tafiya ban raka ki ba? Ƙafa ya hana ni, amma baki yana nan. Ki shiga. Daga jirgi ya tashi har ya sauka zan yi miki waƙa, ba zan rufe baki ba. In ya girgiza, ki sani ina ƙasa ina yi.”

Sai muka ji ta ja majina.

“Mama, alkawari?”

“Alkawari. Ga Maman Habib a tsaye, ita ne shaida.”

“Na shaida,” na ce da ƙarfi, ni ma ban tsaya tunani ba.

Ba a jima ba saƙo ya shigo: ta shiga, ta zauna, an ce a kashe waya. Muka rungume juna muna tsalle, ni da mai ciwon gwiwa. Zacharia ne kaɗai bai yi tsalle ba. Yana tsaye yana sosa sanƙonsa.

“Maman Eva,” ya ce, “kin san nisan wurin nan kuwa?”

“Wane nisa? Ai ta kusa isa. Wannan ne canjin ƙarshe.”

Ta shiga yi mana lissafi da yatsu. In mutum ya taso daga Kano, doguwar tafiya ita ce zuwa Yola ko Gombe. Sai ya canja mota zuwa Mubi, ta ragu. In ya sauka a tasha, sai ya hau keke zuwa Lamorde. Ko'ina a duniya zangon ƙarshe shi ne gajere, wannan ko yaro ya sani. Wallahi ni ma a lokacin na gyaɗa kai, don maganar ta shiga kunnena.

Zacharia ya ɗauko tabarau, ya buɗe wata manhaja da Eva ta saka masa kafin ta tafi, wadda ke nuna jirgi a kan taswira. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

“Daga Addis zuwa Sao Paulo,” ya ce a hankali, “kilomita dubu tara da ɗari tara da 'yan kai. A ce dubu goma.”

“To, a mota nawa ke nan?”

“Zuwa Yola sau hamsin.”

“A jirgi fa?”

“Awa goma sha biyu.”

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Keken Lamorde! Da na samu numfashi sai tausayinta ya kama ni, na ce, “Maman Eva, ai buƙata ta biya, yarinya ta shiga. Daga can sama ba jin ki take ba. Ki yi waƙa biyu ko uku, Allah ya ga zuciyarki.”

Ta dube ni sama da ƙasa.

“In ta sauka ta tambaye ni fa? Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba. In ta tambayi shaida kuma, ke za ki yi mata?”

Magana zarar bunu ce, kuma da bakina na ce na shaida. Na koma gida na kashe wutar da na hura. Ranar Lamorde ba ta ci ƙuli-ƙulina ba.

Da hantsi Zacharia ya ɗaga waya sama ya yi ihu, “Ta tashi!” Rachael na zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta miƙe ƙafa mai ciwo, tulun kiɗa a gefenta. Ta gyara murya ta fara. A yi mata adalci, Allah ya ba ta murya. In ta ɗaga waƙa a cocinsu, mu da ke cikin gida muna sanin ita ce.

Nan take aka yanke dokoki, ni ce alƙali. Numfashi ba shiru ba ne. Kurɓar kunu tsakanin baiti da baiti ya halatta. Tauna abinci babu. In za ta zaga, sai mun riƙa jin ta daga can.

Labari a unguwarmu ba ya neman ƙafa. Kafin rana ta yi zafi sai ga 'yan zumuntar mata, Mercy shugabarsu a gaba, sun sha zane iri ɗaya, da caki da tuluna. Suka zagaye Rachael suna amshi. Matan layinmu suka leƙo, suka shigo, suka zauna. Masu wucewa zuwa gona da fartanya a kafaɗa suka tsaya tambaya, wasu ba su ƙarasa gonar ba. Wani mai keke ya tambaye ni ko biki ake. Na ce rakiya ake. Ya ce ina matafiyin? Na nuna masa sama.

Zacharia kuwa tsohon aikinsa ya motsa. Ya ja layi da sanda a ƙasa, daga ƙofar kicin, wai nan ne Addis, har bakin zaure, wai Sao Paulo. Ya ajiye murfin kwalba a kan layin, duk bayan ɗan lokaci ya duba waya ya tura shi gaba da yatsan ƙafa, yana shela kamar kwandasta.

“Sudan ta Kudu! Akwai mai sauka? Babu! Mu je!”

Mata su kwashe da guɗa.

“Kwango! Kwango ke nan! A gyara zama!”

Abin da ya ba ni haushi, mun yi ta waƙa har gumi ya jiƙa mu, na duba murfin, ko turmin da ke tsakiyar gida bai kai ba. Na ce, “Baban Eva, anya jirgin nan na tafiya kuwa? Ko ya tsaya ɗaukar fasinja?” Ya ce a cikin awa ɗaya yana cin abin da ya fi zuwa Yola sau huɗu. Na ɗaga kai na dubi sama. Ashe duniyar nan faɗi gare ta haka, mu muna nan muna faɗa a kan iyakar gona.

Wajen azahar ya yi shela ta ƙarshe, muryarsa ta ɗan sauya.

“Ƙasa ta ƙare. Ta shiga ruwa.”

Na leƙa wayar. Shuɗi ne fal, sai ɗan jirgi ƙarami kamar ƙuda a tsakiya. Babu gari, babu suna, babu abin da kwandasta zai kira. Abin da Eva ke tsoro ke nan, kuma Zacharia ya ce ruwan ya fi rabin tafiyar. Rachael ta ji. Ta buga tulu da ƙarfi ta ɗaga murya har ta fi ta farko.

Da ladan ya fara kiran salla, ba wanda ya ce mata komai, ta sauke murya ta koma gunji a maƙogwaro, matan coci suka ajiye caki. Na shiga gida na yi alwala. Ina salla ina jin gunjin nan ta kan katanga, kuma da na yi sujada na roƙa wa Eva sauka lafiya, na roƙa wa uwarta maƙogwaro. Na dawo mata da zuma da citta a kofi.

“Useko,” ta ce, a cikin waƙar ta saka godiyar don kada in kama ta da laifi.

Bayan azahar waƙoƙin coci suka ƙare, har an maimaita wasu. Rachael ta koma na Kamwe, yarensu na Michika, irin waɗanda ta koya wurin kakarta a kan dutse, na niƙa da na girbin dawa. Tsofaffin da suka san su suka tashi suka taka. Su ma suka ƙare. Sai ta fara ƙirƙira. Ta yi wa sanƙon Zacharia waƙa, wai matuƙin jirgi da shi yake gane hanya. Ta yi wa Mercy, mai zuwa coci a makare ta fi kowa rawa. Ta juyo kaina, wai ƙuli-ƙulin Maman Habib ya cire haƙoran rabin Lamorde, likitan haƙori na yi mini addu'a. Gida ya ɗauka da shewa. Na ce a rubuta, in jirgi ya sauka za mu haɗu.

Da la'asar hadari ya taso daga wajen Sahuda. Kafin mu ankara ruwa ya tsuge. Aka ɗauki Rachael da tabarmarta cak, tana waƙa, aka shigar da ita baranda. Mutane suka cunkushe a ɗaki da zaure. Ruwa ya share layin Zacharia, murfin kwalba ya bi kwata. Ƙarar kwano ta rufe komai, dole ta riƙa ihu kafin a ji ta, kuma a nan ne muryar ta fara tsagewa.

Sai na lura da Zacharia a lungu, ya juya baya yana jijjiga waya. Na matsa.

“Lafiya?”

“Jirgin ya tsaya,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Tun ɗazu yana wuri ɗaya. A tsakiyar ruwa.”

Na san jirgi ba ya tsayawa a sama. Ya ce watakila netwok ne ruwan sama ya ɗauke. Muka yi shawara kada ta sani. Banza ke nan, matar da ta yi shekara talatin tana karanta fuskarsa. Ta dube shi sau ɗaya, na ga idonta ya cika. Ba ta tambaya ba, don tambaya na nufin tsayawa. Ta rufe ido ta ci gaba, hawaye na bin kumatunta, sunan Eva kawai take jerawa a cikin waƙar. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba.

Zacharia ya fita cikin ruwa, ya saka wayar a leda, ya hau kan katangarmu yana ɗaga hannu sama, tsoho da shi. Ya daɗe a can. Sai muka ji ihu.

“Ya motsa! Ya yi tsalle! Ya wuce rabi tun tuni!”

Wayyo daɗi! Mercy ta fita tsakar gida tana rawa cikin taɓo, zanen zumunta ya koma launin ƙasa. Ni kaina na yi guɗar da tun bikin Habib ban yi irinta ba.

Amma Rachael ta biya kuɗin wannan ihun da ta yi da ruwan sama. Dab da magariba muryar ta mutu. Tana buɗe baki sai wani siririn sauti kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Mercy ta durƙusa gabanta.

“Mama Rachael, ya isa haka. Mu za mu karɓa miki. Ai duk ɗaya ne.”

Ta girgiza kai, ta nuna ƙirjinta da yatsa. Ita ta yi alkawari, ba zumunta ba.

Matan suka ɗaga amshi don su taimaka mata, sai na ga sun binne ta gaba ɗaya, ko ni da ke kusa ba na jin komai. Na miƙe na daka musu tsawa.

“Ku yi shiru! Ta yaya zan yi shaida a kan abin da ban ji ba?”

Gida ya yi tsit. Mutum sun fi hamsin, ba mai ko tari. Na zauna na kai kunnena bakinta. Tana nan. Iska ce kawai da ɗan amo, amma waƙa ce, da hawanta da saukarta. Na ɗago na ce, “Tana yi!” Aka yi guɗa gajera, aka sake yin shiru. Haka muka ci gaba. Da zan yi magariba na ɗora Mercy a wurina, na ce in ta yi mini ha'inci Allah na gani. Na dawo na karɓi kunnena.

Bayan isha Zacharia, yana rawar sanyi cikin bargo, ya ce, “Ƙasa! Ga ƙasa! Brazil!” Aka kunna fitilu, waɗanda suka tafi gida cin tuwo suka dawo a guje da kwanukansu. Ɗan jirgin ya bi gefen ƙasar, ya karkata, ya yi ta raguwa. Sai wayar ta nuna ya sauka.

Gidan ya fashe. Caki, tulu, murfin tukunya, har da wani da ya shiga buga bokitina. Na girgiza kafaɗar Rachael.

“Ya sauka! Maman Eva, rufe bakin nan, ya sauka!”

Ta maƙe kafaɗa. Ta nuna wayar, ta nuna kunnenta. Waya ta riga ta yi mata wasa da hankali sau ɗaya yau. Sai ta ji daga bakin 'yarta.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Muka zauna muna kallon waya kamar za mu cinye ta. Leɓunan Rachael sun bushe sun tsage, kanta na rangaji, amma suna motsi. Na riƙe hannunta, ina cewa a raina, yarinyar nan in kin tsaya ɗaukar hoto sai na ci mutuncinki.

Wayar ta yi ƙara. Zacharia ya kusa yar da ita.

“Mama! Baba! Na sauka!” Muryar Eva ta cika baranda, tana dariya tana haki. “Nan rana ma ba ta faɗi ba! Mama, filin jirgin nan ya fi Mubi girma! A tsakiyar ruwa ya girgiza sosai, wata mata kusa da ni tana ta kuka. Ni kuwa na rufe ido na ce Mama tana yi. Sai barci ya ɗauke ni. Wallahi sai da aka tashe ni!”

Barci! Mu muna nan muna mutuwa. Na buɗe baki zan zazzaga mata, sai na ga fuskar Rachael. Murmushi take har kunne, ta rufe bakinta a karo na farko tun hantsi.

“Mama? Ba ki ce komai ba. Mama, kina ji na?”

Aka kai mata wayar. Ta buɗe baki, ta yunƙura. Ko iska ba ta fito ba.

“Mama? Baba, me ya samu Mama?”

Na karɓa. “Eva, Maman Habib ce. Lafiyarta ƙalau. Murya ce babu, ta ƙare a hanya.”

Daga can ɓangaren ina jiyo hayaniyar mutane da wani yare.

“Inna,” ta ce a hankali, “ta yi da gaske? Ni na ɗauka za ta yi kaɗan ta huta.”

“Daga tashi har sauka. Kunnena na bakinta.”

Sai kuka. Likitar da ke durƙusar da bijimi tana tsaye a wata ƙasa tana kuka kamar ranar da aka yaye ta, tana kiran Mama, Mama. Matan zumunta suka shiga share ido da bakin zane. Ni ma ban tsira ba.

Rachael ta jawo gefen mayafina da ƙarfi. Na sunkuya, ta manna bakinta a kunnena, ta tattaro ɗan abin da ya rage mata. Da ƙyar na tsinci kalmomin. Na share fuska, na kai wayar bakina, na ɗaga murya yadda za ta kai Brazil.

“Uwarki ta ce, kin ci abinci?”